Mazubin abincin namun daji: na ƙasa ko mai dogayen ƙafafu?

Masu riƙe da yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Binuwai, Faro da Buba Njidda a arewacin Kamaru, da masu ƙananan gonakin kiwon namun daji a wajen Garwa, sun fara tambayar wannan kaya. Asalinsa daga Amurka ne, musamman jihar Tekzas, inda ake watsa wa barewarsu masara don ta saba da wuri ɗaya. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai dogayen ƙafafu uku, duro a sama, da ɗan inji a gindinsa wanda agogo ke tayarwa safe da yamma ya watsa hatsi. Akwai kuma na ƙasa, wanda mutum ke cikawa yana tsaye, ko dai komi mai rumfa ko duro mai bakuna da abinci ke gangarowa da kansa.

Kafin a taɓa aljihu, a san cewa gwanki da kanki da mariya ba masara ke kawo su wuri ba. Ciyawa suke ci, kuma a tsakiyar rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, abin da suke bi shi ne ruwa, da tohon da ke fitowa bayan ƙunar daji, da gishiri. Shi ya sa tsofaffin masu bin sawu ke fara nuna maka inda dabba ke lasar ƙasa. Gishiri da kanwa kuwa ba sa shiga injin watsawa, cinye ƙarfen za su yi cikin wata kaɗan. Tunkuzar anguryar da ake samu daga masana'antar man Sodecoton a Garwa da Marwa ita ma dunƙulewa take yi ta toshe maƙogwaron duron. Duk wanda manyan dabbobi yake nufi, na ƙasa ne nasa, kuma a ganina nan ya kamata kuɗin farko su tafi.

Na ƙasa ba ya neman batir, ba ya neman tsani, mai walda na unguwa zai haɗa maka shi da rabin duro da ƙarfen kwana. Yaron sansani ɗaya ya isa ya cika shi. Aibinsa shi ne ba ya zaɓen baƙo. Gadu zai tura shi da hanci har ya kife, beguwa za ta zo da dare, gwaggon biri kuma sai ya kwashe na mako guda kafin hantsi. Mafi muni shanu ne. Garken makiyaya na ratsa waɗannan dazuzzuka da rani, kuma saniya in ta ɗanɗana kanwa a wuri, ta riƙe hanya ke nan. Bayan asarar abinci, haɗa bakin shanu da na namun daji a komi ɗaya hanya ce ta yaɗa cuta, ga kuma rigima da masu shanun wadda ba mai sonta. Don haka a nisanta shi da burtali, a kafe ƙafafunsa da siminti, a yi masa murfi mai sakata da kwaɗo. Sakata kaɗai ba ta hana biri.

Akwai wani haɗarin da masu sayarwa ba sa faɗa. Dabba mai tuƙa in ta samu hatsi a buɗe ta cika ciki lokaci ɗaya, tumbinta kan yi tsami, ta kumbura, wani lokaci ta mutu. Duk mai kiwon tumaki ya san abin da ke faruwa ran da rago ya faɗa buhun dawa. Saboda haka komin ƙasa na gishiri ne da kanwa da harawa da 'yar tunkuza, ba na zuba masara buhu-buhu ba.

A nan ne dogon ya fi. Duro mai lita 200 na ɗaukar masara kusan kilo 150, injin kuma daƙiƙa kaɗan yake juyawa, ya watsa abin da aka ƙayyade masa a fili mai faɗi. Babu dabbar da za ta ci fiye da kima, ƙanana ma na samun rabonsu, kuma cikawa ɗaya na iya kai makonni, abin da ke da amfani in wurin na da nisa da sansani. Ga zabin daji da fakara babu kamarsa: da sun saba da ƙarar injin, kafin ya tsaya sun hallara. Shanu ba sa kai baki ga duron, gadu sai dai ya tsinci na ƙasa.

Sai dai wahalarsa ba kaɗan ba ce. Ɗaga buhu a kan tsani a ƙasa mai gargada, nesa da asibiti, ba wasa ba ne; in za ka saya, nemi mai ƙugiya da igiyar ƙarfe da ake sauke duron ƙasa a cika. Batirin, mai bolt 6 ne ko 12, zafin Maris da Afrilu na gajiyar da shi, ƙurar hunturu kuma na rufe farantin sola, dole a riƙa gogewa. Agogon in ya lalace ba a kasuwar Poli ko Colire za ka same shi ba, don haka sayi biyu tun farko. Biri na hawa ƙafafun ya juya farantin da hannu, sai an kewaye injin da kejin waya mai kauri. Iskar da ke gaban ruwan farko na kayar da wanda ba a kafe ba. Inda giwa ke bi kuwa, kada ma a fara.

Wanda ake shigowa da shi na roba ne galibi, mara nauyi, rana da gobarar daji na gamawa da shi. Gara a sayi injin da agogon kawai, a sa mai walda ya yi ƙafafun da bututun ƙarfe mai kauri. Katako abincin gara ne. Kowanne ka zaɓa, a share ciyawar da ke kewaye tun kafin a fara sa wuta a Nuwamba, a kuma kwashe hatsin da zarar damina ta kama, domin masara mai fumfuna guba ce, tsuntsaye ta fi kashewa.

Lokacin farauta a arewacin Kamaru daga Disamba ne zuwa Mayu, da lasisi, kuma cikin gandun gwamnati ba a farauta sam. Ajiye abinci don dabba ta zauna a yankinka daban, harbinta a bakin komi daban. Kafin ka kafa ko ɗaya, je ofishin ma'aikatar gandun daji da namun daji a Garwa ka faɗi abin da kake nufin yi da inda za ka sa shi, a ba ka amsa a rubuce.