Ofishin FNE na Garwa a Kamaru, daga bakin tsohon ma'aikacin masaƙa

Atamfar Sin mai araha ce ta raba mu da aiki. A Amurka dokar 1974 ta tanadar wa irinmu hanya: ma'aikata su kai takarda, in gwamnati ta tabbatar cinikin waje ne sanadi, ta biya kuɗin koyon sana'a. Tun Yulin 2022 ma sun daina karɓar sababbin takardu.

Mu nan FNE muke da ita, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa aiki su sami aiki ko su koyi sana'a, wadda aka kafa a 1990. Rajista kyauta ce. Baiwar Allah da na tarar a ofishinsu ta zaunar da ni, ta bi takarduna ɗaya bayan ɗaya, inda Faransanci ya gagare ni ta koma Fulatanci. Wallahi na ji daɗin wannan mutunci. Yanzu walda nake koyo. 'Yan'uwa, ku tafi da katin ɗan ƙasa da takardar shaidar aiki.