Soyayyen haƙarƙari irin na Filifin: wane nama, wane mai, wane khal za ki saya?

A ƙasar Filifin, in aka ce soyayyen haƙarƙari, galibi na alade ake nufi. Ana jiƙa shi a soya sos da tafarnuwa da ruwan wani ɗan ƙaramin lemo da suke kira kalamansi, a barbaɗe shi da gari, a jefa a mai yana ɗanye, cikin minti goma zuwa sha biyu ya nuna. Amma ƙasar tana da wani girkin na naman saniya da ake ji da shi a gidajen abinci, sunansa crispy tadyang ng baka, wato haƙarƙarin sa mai ƙaras-ƙaras. Shi ne zai shiga mafi yawan tukwanenmu, kuma shi ne wanda ake yawan ɓatawa, saboda mutane kan ɗauki tsarin girkin alade su ɗora wa saniya. Naman alade yana da laushi da kitse a cikin tsoka, shi ya sa yake jure suya kai tsaye. Haƙarƙarin sa kuwa cike yake da jijiya, in kika soya shi ɗanye sai haƙori ya gaji bai rabu da ƙashi ba. Dole a dafa shi ya yi laushi, a busar, sannan a soya. Suyar kanta ba ta wuce minti biyar. Saboda haka dacewar girkin ko lalacewarsa tun a teburin mahauci take farawa.

Haƙarƙarin sa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na sama, wanda ke manne da gadon baya: ƙashinsa dogo ne mai lanƙwasa, kuma mahauta kan zare tsokar da ke kansa su sayar daban, sai a bar miki ɗan naman da ke tsakanin ƙasusuwa. Yana da araha, yana saurin nuna, amma bayan dahuwa da suya abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma na ƙasa, ta wajen awaza zuwa ƙirji, mai faffaɗan ƙashi da nama mai kauri a kansa, tsoka da kitse hawa-hawa. Wannan shi ne na tadyang. Ki nemi wanda kaurin namansa a kan ƙashi ya kai yatsu biyu, kitsen kuma ya ratsa cikinsa, ba wanda ya taru waje ɗaya kamar tozo ba. Can ƙarshen ƙirji akwai wurin da ƙashi ya koma guringuntsi. Masu son taune-taune za su ji daɗinsa, sai dai yana riƙe ruwa, kuma shi ne ya fi tartsatsi a mai.

Yadda aka sare shi ma abin lura ne. Mahauci in ba a yi masa bayani ba, sai ya ɗora a kan kututture ya daddatse da gatari, ƙashi ya farfashe, ɓurɓushinsa ya shige cikin nama. A miya ana iya tsincewa, a suya kuwa ɓurɓushin yana maƙalewa a jikin naman ya bushe, mai ci bai ankara ba sai ya ji shi a dasashi. Ki ce ya fara tsaga da wuƙa tsakanin ƙashi da ƙashi, sannan ya sare kowane ɗaya da sara guda, tsawon ɗan yatsa, kamar santimita 6 zuwa 7. Manyan kantuna masu ɗakin sanyi suna yanka da injin zarto, yankan ya fi tsafta, farashin ya fi tsada, kuma naman da ya daskare yakan zubar da ruwa da yawa in ya saki. Idan za ki iya sammako ki samu na yankan safe a sare miki yadda kike so, ya fi. Ga mutum huɗu ki sayi kilo ɗaya da rabi, domin wajen rabinsa ƙashi ne da kitsen da zai narke.

To, rago ko akuya fa? Haƙarƙarin rago yana da kitse, yana soyuwa da kyau, cikin minti 45 zuwa awa ɗaya ya yi laushi. Illarsa ita ce da ya huce kitsen ya daskare a baki, don haka ba abincin da za a ajiye wa baƙon da ya makara ba ne. Na akuya ba shi da nama sosai, in ya wuce minti uku a mai sai ya zama kamar kilishin da ya kwana a rana. Duk biyun ba tadyang ba ne a wajen 'yan Filifin, amma kayan haɗin suna karɓarsu. In zaɓi ne tsakaninsu, rago.

Sai soya sos, wanda su suke kira toyo. Nasu, irin Silver Swan da Datu Puti da Marca Piña, tsinkakke ne mai gishiri sosai, ba shi da zaƙi. In babu shi, kowane tsinkakken soya sos na ƙasar Sin ko Kikkoman na Japan zai yi. Wanda za ki guje wa shi ne baƙin nan mai kauri da aka yi don ba abinci launi, da kuma mai zaƙi irin na Indonesiya. Sukarin da ke cikinsu yana ƙonewa a mai tun kafin naman ya yi ƙaras, sai ki ga waje ya yi baƙi ƙirin yana ɗaci. Ki juya kwalbar ki karanta: idan sukari ne na farko ko na biyu a jerin kayan haɗi, mayar da ita kan kanta. Wasu nau'in da ake tsimawa suna ɗauke da ɗan burbushin barasa daga tsimin, mai son kauce wa wannan sai ya nemi mai tambarin halal.

Khal ba a cikin tukunya yake aiki ba, a cikin abin dangwalawa ne, wanda suke kira sawsawan, kuma ba tare da shi ba naman yana gundura tun a yanka na uku. 'Yan Filifin suna da khal na rake, da sukang Iloko mai duhu daga yankin Ilocos, da sukang Paombong na ruwan wani irin kwakwar fadama daga lardin Bulacan, da na ruwan bishiyar kwakwa. Dukansu tsaminsu yana da taushi. A kantunanmu abin da aka fi samu shi ne farin khal da khal na tuffa. Na tuffa ya fi kusa da nasu. Farin yana da kaifi, sai an sirka kashi huɗu da ruwa kashi ɗaya da ɗan sukari. Ki duba an rubuta tsami kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari. Wanda ya haura haka sosai na wanke-wanke ne. Kalamansi kuwa da wuya ki gan shi, amma ruwan lemon tsami cokali biyu da na lemon zaƙi cokali ɗaya yana kamanta shi.

Sauran kayan da za su shiga ruwan dahuwar naman ba su da wahala: tafarnuwa dunƙule ɗaya, albasa ɗaya, busasshen ganyen nan da ake jefawa a jalof wanda su suke kira laurel guda uku, da barkono baƙi mai ƙwaya cokali ɗaya. Masoro zai iya maye gurbinsa, amma ki sa rabi, ya fi shi ɗaci. Wasu suna ƙara sangke, wani kayan ƙamshi mai siffar tauraro, guda biyu. In babu, kanumfari biyu sun isa. Kada ki sa dunƙulen magi ko gishiri tun farko. Rabin kofi na soya sos, kamar mililita 120, a ruwan da ya rufe kilo ɗaya da rabi na nama ya riga ya kai, kuma ruwan yana ƙara gishiri yayin da yake ƙonewa.

Tukunya mai matse tururi tana gama dahuwar cikin minti 35 zuwa 45, tukunya ta yau da kullum kuwa awa biyu, har uku idan tsohon sa ne da ya sha tafiyar kiwo. Mai sayen gas zai ga bambancin a aljihunsa. Amma mai matse tururi ba ta bari ki leƙa, kuma minti goma na ƙari ya isa naman ya sulluɓe daga ƙashi, alhali ana so ya yi laushi yana nan manne. Gwajin shi ne cokali mai yatsu ya shiga ba gardama, amma in kin ɗaga ƙashin naman ya biyo shi. Mai girkin karon farko ta fi samun kwanciyar hankali da tukunya mai kaurin gindi a kan wuta kaɗan.

Busarwa ba a sayenta, amma tana shafar abin da za ki tanada. A tsame naman, a jera a kan raga ko matsami yadda iska za ta ratsa ƙasansa, a sa a firiji ba murfi na awa huɗu ko ya kwana. Inda wuta ba ta da tabbas, a goge kowane yanka da tsumma mai tsafta a kunna masa fanka, amma kada dafaffen nama ya wuce awa ɗaya a waje lokacin zafi. A hunturu iskar kanta tana yin rabin aikin. Naman da ya shiga mai da danshi yana fantsama har ya ƙona hannu, kuma yana sauke zafin man, sai ya sha mai ya fito laƙwas. Idan lokaci ya ƙure, sitacin masara cokali uku da aka barbaɗa aka kakkaɓe yana taimakawa. Fulawa tana yin ɓawo mai kauri da ke saurin yin taushi, ta fi dacewa da kaza.

A Filifin man kwakwa da aka tace da man kwakwar manja da aka tace su ne na suyar yau da kullum. A nan, tataccen man gyaɗa ko man jarka fari ya wadatar. Man ƙuli na gida yana da ƙamshi, amma yakan yi kumfa ya fara hayaƙi da wuri, ƙamshinsa kuma yana danne na tafarnuwa da soya sos. Manja ba wurinsa ba ne. Man kwakwa na ƙananan kwalabe da ake shafawa a gashi ya yi tsada, ba ya kuma jure zafi. Lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi za ki buƙata, a tukunya mai zurfi ba faffaɗan kasko ba, man ya kai zurfin santimita 5 zuwa 6 amma kada ya haura rabin tukunyar. Zafin da ake so digiri 175 zuwa 180 ne a ma'aunin Salsiyas. Ma'aunin zafi na girki yana da amfani, in babu sai ki tsoma bakin muciya busasshiya: ƙananan kumfa su taso da sauri a gefenta, ba hayaƙi. Yanka huɗu ko biyar a lokaci ɗaya, minti uku zuwa biyar, a tsame a kan raga ba a kan takarda ba, domin tururin da ke taruwa a ƙasa yana jiƙa shi.

Abin dangwalawar a haɗa shi tun naman yana kan wuta don ya jiƙu: khal rabin kofi, soya sos cokali biyu, jar albasa ƙarama yankakkiya, tafarnuwa ƙwaya biyu dakakkiya, sukari ƙaramin cokali ɗaya, da ɗanyen barkono. Nasu siling labuyo ne, ɗan ƙarami mai zafi, ɗanyen barkono tsiduhu biyu ko rabin attaruhu zai tsaya a madadinsa. Ana ci da farar shinkafa da atchara, ɗanyar gwanda da aka goge aka jiƙa a khal da sukari da citta. Romon da aka dafa naman a ciki a tace shi, a kwashe kitsen sama in ya huce, a sirka da ruwa saboda gishirinsa kafin a dafa shinkafar da shi.