Hattara da masu cewa sai ka biya haraji kafin ka cire ribarka

Jama'a, don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan, musamman mata masu adashe.

Daren Talata bayan isha'i ƙanwata ta shigo gidana idonta jajur. Ta miƙo min waya ta ce, "Yaya, duba min, wai sai na biya haraji." A fuskar wayar lambobi ne koraye, wai naira 300,000 da ta zuba a wata manhajar kirifto (kuɗin intanet) ta haihu ta haura 700,000 cikin sati shida. Kuɗin kwasar adashenta ne, haɗe da na ɗan kunnen gwal da ta sayar. Da ta zo cirewa sai suka ce gwamnati ta kawo sabuwar dokar haraji, ta fara tura naira 105,000 zuwa wani asusu, asusun ma da sunan mutum ɗaya. Aro ta zo nema a wurina.

Na ce mata ko sisi kada ta ƙara.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga kunne shi ne an cakuɗa ta da gaskiya. Tabbas akwai haraji a kan ribar kirifto a Najeriya. Dokar kuɗi ta 2023 ta sa kashi 10 cikin ɗari, sannan sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Amma haraji a kan ribar da ka samu da gaske ake biyansa, kuma hukumar tara kuɗin shiga ake biya, ta ba ka rasit. Ba wani admin na Telegram da ke karɓar wa gwamnati haraji a asusunsa. Ku yi tunani mana: in da gaske kuɗinka na hannunsu, me ya hana su cire harajin a ciki su ba ka saura?

Mun ga irin wannan. Wata manhajar zuba jari mai suna CBEX ta yi wa mutane alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025, sannan aka ce wa waɗanda kuɗinsu ya maƙale su sake zuba dala 100 ko 200 wai don tantance asusu. Kafin ita MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016. Suna kawai ake canzawa.

Kada kuma takardar CAC ta ruɗe ku, rajistar sunan kamfani ce kawai. Mai karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari sai da lasisin SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, kuma ana iya duba sunansa a shafinta. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu irin wannan damfara. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda suke fakewa da addini, suna cewa halal ne, babu riba a ciki, har da salati a farkon saƙo.

Washegari muka je bankinta muka kai rahoton asusun da ta tura wa kuɗi, muka ajiye hotunan duk hirarsu don kai wa EFCC. Da ta tambaya a gurup ɗin masu manhajar dalilin da ba za a cire harajin daga kuɗinta ba, kafin azahar sun fitar da ita. Ƙawayenta biyu da ta shigar har yanzu suna ciki, ɗaya ma ta riga ta biya.