Akwatin wifi ko Starlink Mini: wanne ya dace da aikin agaji?

Hajiya, kin tambaya wanne ƙungiyarku za ta saya kafin damina, ƙaramin akwatin wifi mai pus ko Starlink Mini, don kuna fita ƙauyukan Mirya da Magarya rubuta sunayen waɗanda ambaliya ta shafa.

Akwatin wifi bai da rezo nasa na kansa. Da eriyar Airtel, Moov ko Zamani yake aiki, kamar salularki. In eriyar na da wuta, ya ishe ku: yana shiga aljihu, batirinsa na kai awoyi, kuɗinsa da sauƙi. Matsalar ita ce ruwan da ya rusa gidaje shi ne yake yanke kuran, ya datse hanyar da za a kai wa gurup ɗin eriyar gazuwal. Duk wanda ya ga daminar 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni na Damagaram a watan Satumba, ya san abin da nake nufi. Don haka ku riƙe pus na kamfani biyu.

Starlink Mini kuwa babu ruwansa da eriyar ƙasa. Da taurarin ɗan adam yake magana, masu shawagi a nisan kilomita kusan 550, kuma tun 2025 yake aiki da izini a Nijar. Nauyinsa kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, wifi na cikinsa, mutane da yawa na iya aika hotuna da bidiyo lokaci guda. Amma yana son sarari buɗe, kada a ajiye shi ƙarƙashin dogon yaro, kuma lokacin da ake sheƙa ruwa yakan yi ta yankewa.

Inda nake so ku yi lissafi sosai shi ne wuta. Yana jan wat 25 zuwa 40. A ce 30, awa takwas na aiki sun cinye wat-awa 240. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 na ɗauke da wat-awa kusan 1200, amma irin na gargajiya rabi kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko. Kwana biyu ke nan, ban da cajin wayoyi, ga hadari ya rufe rana, pano bai cika shi. Kuɗin batir da pano dole su shiga kasafin tun farko, tare da kuɗin wata.

Thuraya, wayar tauraron ɗan adam wadda direbobin hamada suka sani, ta kira ce da gajeren saƙo. Ba ta ɗaukar aikin hotuna.

Shawarata, ku fara da akwatin wifi, ku sa KoboCollect, manhajar tattara bayanai, a wayoyinku, tunda tana karɓar bayanai ba rezo, ta tura daga baya. In aikin zai kai ku lungunan Tanut ko Tasker, to a nemi Starlink ɗaya, kuma a sanar da hukumar yankin kafin a kafa shi.