Inshorar lafiya ta ma'aikata a Yamai: sauƙi a likita, wahala a farmasi

Inshorar da ma'aikatarmu ta yi mana rajista tana ɗaukar kashi 80 cikin ɗari na kuɗin ganin likita, awon jini da magani, ma'aikaci ya cika sauran, kuma wannan sauƙi ne na gaske ga mai iyali da ke zuwa asibitoci masu zaman kansu. Sai dai tun da gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta a 2024, amfanin katin ya ragu a can, balle yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ake duba su kyauta tun 2006. Matsalar tana wajen farmasi: kaɗan ne ke karɓar katin, kuma maganin hawan jini da na ciwon suga sukan wuce iyakar kuɗin shekara kafin damina ta ƙare.