Likitan sa barci ya fitar da ni, amma lissafin asibitin ya ƙona mini rai

Tun tiyatar afendis da aka yi mini a 2021 na tsani allurar barci. Inda aka yanka bai dame ni sosai ba, amma washegari na tashi wuya, kafaɗu, baya da haƙarƙari duk suna ciwo kamar an lakaɗa mini duka da taɓarya. Kwana 3 ko tari ba na iya yi. Yayata har cewa ta yi ko faɗowa na yi daga gado ba a faɗa mana ba.

Shi ya sa da aka ce za a cire mini maƙoƙo a wani asibitin kuɗi da ke Ikeja, na bar Agege da asuba gabana yana faɗuwa. Likitan sa barci ya zo gefen gadona, na zayyana masa komai. Wallahi ban zaci zai saurare ni ba, sai ga shi ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Hajiya, da alama suxamethonium aka ba ki." Wai allura ce da ke sakin tsokoki don a zura bututun numfashi, amma kafin ta sake su sai ta sa su fizge-fizge, kamar 'yar ƙaramar farfaɗiya. Fizgar ce ke zama ciwo bayan kwana 1 ko 2, kuma ta fi kama mata da matasa, musamman wanda ya yi saurin tashi yana yawo. Ni kuwa a wancan karon, da yamma ma na fara zagaye ɗaki.

Ya ce akwai dabaru: a fara ba da ɗan kaɗan na rocuronium, wata allurar sakin tsokoki ce ita ma, ko allurar kashe zafi ta lidocaine ta jijiya, ko maganin ciwo irin diclofenac. Da yake tiyatata ba ta gaggawa ba ce, kuma na yi azumin da aka ce, ya ajiye waccan allurar gaba ɗaya ya yi aiki da rocuronium. Na farfaɗo ina jiran dukan, shiru. Washegari ma shiru. Maƙogwaro ne kawai ya yi kaushi, ga kuma ɗinkin wuya. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Sai ranar sallama. Maigida ya dawo daga wajen biya fuskarsa a murtuke: an rubuta kuɗin allurar rocuronium ɗin daban, bayan mun biya kuɗin tiyata dunƙule, kuma ba wanda ya faɗa mana tun farko. Tun hantsi muke jiran takardar sallama har la'asar, muka faɗa cunkoson Legas da sabon ɗinki a wuya, kowane rami sai na ji shi. Kuma na tuna daren farko na danna ƙararrawa sau 4 kafin nas ta leƙo.

Likitan zan sake nema ko'ina ya koma. Asibitin kam, sai na yi tunani.