Hattara da masu yawon sayen mindodin mazan jiya

Jama'a, duk wanda yake da tsohon soja a zuriyarsu ya karanta wannan, ya kuma faɗa wa na gida. Mu dai an ci mu, kuma da hannunmu muka buɗe ƙofa.

Kakanmu yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da ƙanen mahaifinmu ya rasu bara, wanda kayan suke hannunsa, aka buɗe wata tsohuwar adaka a ɗakinsa. A ciki akwai mindodi huɗu, ɗaya tauraruwar Bama ce mai tsini shida da ƙyallenta ja da shuɗi, sai jar dara da asu ya cinye, da banati a kubensa, da bajon hula mai hoton itacen kwakwa, da ɗan littafin sallama mai ɗauke da sunansa da lambarsa. Wani ɗan yayata ya ɗauki hoto ya sa a Facebook don alfahari kawai. Ko kwana biyu ba a yi ba aka kira shi.

Mutumin ya zo har gida, fes da shi, da 'yar jaka da madubin ƙara girman rubutu. Ya durƙusa ya gaida Goggo, ya yi mana ta'aziyya. Kuma ya san tarihi, wannan ba zan ƙwace masa ba. Ya ce runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su suka je Bama, ya ambaci kwarin Kaladan, ya ce barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya duk daga wannan yaƙin suka samo suna. Duk gaskiya ne. Da wannan gaskiyar ya saye mu, don Goggo har hawaye ta yi da ta ji ana kiran wuraren da mahaifinta yake ba su labari.

Sai ya juya tauraruwar a tafin hannunsa, ya yi shiru, ya ce wa yayana: “Alhaji, kun san abin da kuke ajiye da shi kuwa? Akwai Baturen da yake neman irin wannan a Landan. Miliyan goma sha biyu, ba na rage muku ko sisi.”

Daga nan aka fara tatsa. Kuɗin takardar shaida cewa ta asali ce, naira 60,000. Bayan mako ɗaya, kuɗin izinin fitarwa, 95,000. Ya haɗa yayana da wani a waya mai magana ta hanci, wai shi ne Baturen. A zuwansa na uku ya ce sai an kai mindodin Legas an gwada ƙarfen, kuma a haɗa da littafin sallama. Na ce, “Yaya, kada a ba shi littafin nan.” Ya ce, “Kai yaro ne, mutumin da ya ci tuwo a gidan nan?” Bayan kwana tara wani ɗan acaɓa ya kawo ambulan. Mindodi huɗu ne a ciki, amma sababbi ne ƙal, irin na kwaikwayo da ake bugawa a sayar. Babu littafi. Lambar wayar kuwa har yau a kashe.

Abin da na gano daga baya, wanda da na san shi tun farko da ko ruwa ba mu ba shi ba: tauraruwar Bama ba zinariya ba ce, haɗin jan ƙarfe ne da tutiya. An buga ta da yawan gaske, an raba wa sojojin Ingila da Indiya da Afirka da suka yi wannan yaƙin daga 1941 zuwa 1945, kuma yawancin mindodin Yaƙin Duniya na Biyu da Ingila ta raba ba su da sunan kowa a jiki. Ita kaɗai, a kasuwar masu tara irin waɗannan kaya a Ingila, 'yan fam kaɗan ce. Duk wanda ya ce maka miliyoyi, ba mindar yake so ba, aljihunka yake so.

Abin da ke ɗaga daraja shi ne suna. Mindodin Yaƙin Duniya na Ɗaya, irin na waɗanda suka yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, an buga lambar soja da sunansa da rundunarsa a jikinsu. Haka ma wadda ake kira Africa General Service, mai ɗan ƙarfe a saman ƙyalle da aka rubuta wuri da shekara, kamar Arewacin Nijeriya 1903, shekarar da aka ci Kano da Sakkwato. Irin waɗannan, ko kuma mindodi a haɗe da takardar sallama da hoton mai su, su ne masu tarawa suke rububi. Shi ya sa ɗan damfarar ya nace sai da littafin. Ya ci kuɗinmu ta gaba, ya tafi da abin da ke da daraja ta baya.

Akwai kuma masu zuwa ta ɗaya hanyar, su raina kayan. Su ce ai tarkacen gwangwan ne, ga dubu biyar a sha ruwa. Wata maƙwabciyarmu ta ce haka aka karɓe takobin kakansu da guntun sulke. 'Yan uwanmu na Nijar da ke da mindodin sojan Faransa su ma su kula, hanyar ɗaya ce. Kuma idan ka ji an fara zancen wai akwai jan mekuri a cikin ƙarfen, to tsohuwar ƙaryar keken ɗinki da dutsen guga ce aka sake wa riga.

Wani abin da ya ɓoye mana: a dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979, kayan tarihi, musamman waɗanda aka ƙera kafin 1918, ba a sayar da su sai ga wanda hukumar ta amince wa, ba a kuma fitar da su waje sai da izininta. Wato da tsohon takobi ne muka miƙa masa, mu ma da mun taka doka. Idan kuma bindiga ce ko harsashi ko gurneti kuka tarar a adaka, kada a goge, kada a gwada, kada a nemi mai saye. A kira 'yan sanda ko soja su ɗauka, tsufa ba ya kashe gurneti.

Wanda yake son sanin abin da ke hannunsa ya ɗauki kayan da kansa ya je Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Kaduna, ko ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji mafi kusa, ya tambaya, ya dawo da abinsa. Kada a goge minda da toka ko omo, kada a raba ta da takardunta, kada a sa hoton da lambar soja ta fito a intanet. Mai saye na gaskiya shi yake biya, ba ya karɓar kuɗin takarda a hannun mai kaya.

Sannan kayan nan gado ne. Yayana ya miƙa su ba tare da sauran magada sun zauna ba, yanzu ga shi Goggo ba ta amsa gaisuwarsa. Ɗan damfarar dogo ne, baƙi, yana ɗan ɗingishi, Hausarsa da gargada kaɗan, kuma mun ji an ga mai irin kamanninsa yana tambayar gidajen mazan jiya a wajen Funtuwa. Mun kai rahoto. Jar darar da banatin da bajon hula kaɗai suka rage mana, suna ɗakin Goggo, makullin yana ɗaure a bakin zanenta.